Shekarar da Na Daina Sa Sukari

Abba da Sadiya, wannan babin saboda ku na rubuta shi, kuma na san ba zai yi muku daɗi ba. Sau biyu ina tsallake shi. Na rubuta na makarantar da na koyar, na rubuta na tashinmu daga gidan gwamnati zuwa namu na kanmu a Unguwar Rimi, amma duk inda na zaga nan nake dawowa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar babanku. Duk tsawon lokacin nan kuna riƙe da wani labari a kaina, wanda rabinsa gaskiya ne, rabin kuma ba haka aka yi ba. Ni na bar ku da shi ina sane. Yanzu zan faɗi yadda abin ya faru, da laifina da na wasu, kowa ya ɗauki nasa.

Da shayin zan fara, tunda a kansa aka yi komai. Kwanan baya na ga 'yarki, Sadiya, ta ƙura wa waya ido tana kallon wata mata tana haɗa abin da suke kira latte, da wani ɗan inji mai kaɗa madara. Na leƙa na gani. Abin da na yi shekara talatin ina yi ke nan kowace safiya, ba inji, ba sunan Turanci. Da an idar da sallar asuba, kafin babanku ya dawo daga masallaci, nakan ɗora ƙaramar tukunya da ruwa kofi ɗaya, ba ƙari. In zuba ganyen shayi cokali biyu, da guntun citta da na ɗan dandaƙa, da kanumfari uku, da ɓallin kirfa. In bar shi ya yi ta tafasa har ya koma baƙi ƙirin, wanda in ka kurɓe shi haka sai ka yamutsa fuska don ɗaci. Madara kuwa tukunyarta daban. Akwai wata Bafulatana daga bayan Mando da take kawo mini ta shanu sau biyu a mako, in ba ta zo ba in yi da ta gwangwani. Wuta kaɗan ake sa mata, kuma ba a barin ta tafasa. Da ka ga ƙananan ƙwayoyi sun fara taruwa a gefen tukunya sai ka sauke. Sai in sa maburgi in yi ta murzawa tsakanin tafukana har kumfa ta taso ta kusa cika tukunyar. In tace shayin a babban kofi, in bi shi da madarar, ita ta fi shi yawa. Sannan sukari cokali uku, da cokali ɗaya na madarar nan mai kauri mai zaƙi. In sheƙa shi tsakanin kofi biyu sau huɗu ko biyar, in ɗora sauran kumfar a kai.

Babanku ba mai yabo ba ne, kun sani. In yi sabon ɗinki ba zai gani ba, in yi kitso ba zai gani ba. Amma in ya kurɓi shayin nan sai ya ajiye kofin, ya goge kumfar da ta maƙale masa a gashin baki, ya sa mini albarka. Kullum haka. Abokan aikinsa na ma'aikata sukan biyo ranar Asabar don shayin kawai, shi kuma ya zauna yana kallon su suna sha kamar shi ya dafa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi alfahari da wannan. In na ga ya ƙara ƙiba sai in ji daɗi, in ce a raina ga shaida ana kula da shi. Ba wanda ya taɓa ce mini cokali uku sun yi yawa, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wannan shi ne rabin da yake gaskiya a labarin da kuke riƙe da shi.

Shekarar da ya yi ritaya komai ya zo masa a tare. Direban ofis ya daina zuwa. Wayar da a da ba ta hutawa ta yi tsit. Masu zuwa ranar Asabar suka ragu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in na ji ƙarar mota a ƙofar gida na san ta maƙwabta ce. Mutumin da ya saba fita ƙarfe bakwai da rabi cikin babbar riga ya koma zaman baranda da rediyo. Ana cikin haka ya fara ramewa, ga ƙishirwa ba iyaka, ga yawan fitsari, ya ce rubutun jarida ya fara yi masa dishi-dishi. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likitan da ya duba shi bai wuce sa'an Abba ba. Ya karanta takardar gwajin ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jiki. Ya tambayi me yake ci da safe. Na faɗa masa dalla-dalla, har da yawan sukarin. Sai ya juyo gare ni, ba ga babanku ba.

"Hajiya, zan rubuta magani. Amma rabin maganin a kicin ɗinki yake."

Na dawo gida kamar wadda aka kama da kayan sata a hannu. Washegari na yi komai yadda na saba, sai dai na rage madarar, na ƙara kirfa don ta ɗan ba da nata zaƙin, ban sa sukari ba, ban buɗe gwangwanin mai zaƙin ba. Na sheƙa shi har ya fi na kullum kumfa. Ya kurɓa sau ɗaya.

"Habiba, kin manta sukari."

"Ban manta ba, Alhaji. Tare muka ji abin da likita ya ce."

"To sa cokali ɗaya."

"Ba zan sa ba."

Tunda muka yi aure ban taɓa ce masa ba zan yi abu ba kai tsaye, sai ranar. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya sa bayan yatsunsa ya ture kofin a hankali zuwa tsakiyar tebur, ya tashi ya je ya kunna rediyonsa.

Na yi iya ƙoƙarina a watannin da suka biyo. Na sayo 'yan ƙwayoyin zaƙin nan da ake sayar wa masu suga a kemis, ya ce kamar ya lashi magani. Na canza ganyen shayi, na ƙara citta, na rage citta. Tuwon shinkafa na mayar da shi na alkama da acha, lemon kwalba ya bar gidan, har kunun gyaɗa na daina yi don kada ya gani ya yi sha'awa. Duk ya karɓa bai ce uffan ba, sai shayin ne ya ƙi. Kullum in dafa, kullum ya bar shi ya huce, ni in shanye shi a tsaye kafin in tafi makaranta. A lokacin gani nake taurin kai ne kawai irin na maza. Sai daga baya na gane cewa daga safiyarsa ta da, wadda take da direba da babbar riga da masu jiran sa a ofis, kofin nan kaɗai ya rage masa, ni kuma na zo na ɗauke.

A nan Gwaggonku Asabe ta shigo. Kun san ta a matsayin tsohuwar da take ba ku alewa da Sallah, amma ba ku san matsayinta a wurin babanku ba. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsu ta rasu, ita tana sha huɗu. Ita ta goye shi, ita ta wanke masa kayan makaranta, kuma ta sha kwana da yunwa don ya ci. Ni Yaya nake ce mata, kuma ban taɓa musu da ita ba. Bayan ritayar ya ɗauki sabuwar ɗabi'a, in na fita makaranta shi ma ya ɗauki mota ya tafi Unguwar Kanawa gaishe ta. Na ji daɗin haka, na ce ya fi zaman baranda. Abin da ya dame ni shi ne na'urar gwajin sugan da Abba ya aiko da ita. Kullum in tsaga masa yatsa in gwada, kullum abin yana sama. Na rage masa tuwo har na fara jin kunyar kwanon da nake ajiye masa. Na ɗauka na'urar ce ta lalace, aka kawo wata, ita ma abin da take nunawa ke nan.

Wata Talata muna hutun tsakiyar zango, ya fita kamar kullum. Bayan fitarsa na tuna na yi wa Yaya alkawarin man shanu, kuma Bafulatanar ta kawo tun jiya. Na tari keke na bi bayansa. Motarsa tana ƙofar gida. Tun daga zaure na jiyo dariyarsa, wadda na yi watanni ban ji ba. Na yi sallama na ɗaga labule. Yana zaune a kan darduma, ya cire hula ya ajiye a gefe, gabansa babban kofin silba cike da shayi fari sol, ga burodi an yayyanka, ga gwangwanin madara mai zaƙi a buɗe da cokali tsaye a ciki. Da ya gan ni sai ya ajiye burodin da ke hannunsa ya sunkuyar da kai. Namiji mai furfura, uban 'ya'yana.

Yaya ba ta ko motsa ba. Ta amsa sallamata, ta nuna mini wurin zama.

"Yaya, likita ya hana shi wannan."

"Likitan shi ya halicce shi? Babanmu har ya bar duniya da sukari yake shan shayinsa, kuma ya ga jikokinsa."

"Ciwon nan ba wasa ba ne. Yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda."

"Dube shi, Habiba. Dubi wuyansa. Tun yana yawo ba wando nake ba shi abinci, ban taɓa ganin ya lalace haka ba sai a hannunki. Ba zan zauna ina kallo yunwa ta kashe mini ƙane ba."

"Ciwon ne yake ramar da shi, ba yunwa ba."

"Ke kika yi boko. Ni dai a gidana ba wanda zai zo da safe in sallame shi da ruwan ɗaci."

Na ajiye mata man shanunta na fito. Ya biyo ni ya ce in shiga mota. Da muka kusa gida, sai ya gangara gefen titi ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya ya kashe motar. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari, bai dube ni ba.

"Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada yaran nan su ji."

"Gara su ji, Alhaji. Wataƙila kai ka ji maganarsu, tunda tawa ba ta shiga."

"Kin san halin Abba. Yau ya ji, gobe ya taso daga Abuja ya je ya tsaya a kan matar da ta goye ni ya faɗa mata magana. In haka ta faru ina raye, da wane ido zan dube ta? Ki yi mini alkawari."

"In na yi, za ka daina?"

"Zan rage."

Na yi masa alkawarin, har da sunan Allah, don haka ya nema. Ina jin ya rage na mako guda.

Ga wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan ranar nan na yi ta tunanin in sassauta. In na sa masa cokali ɗaya a gida, da hannuna, ai ya fi abin da yake sha a can ba awo. Da wataƙila ya zauna, da wataƙila mun ci gaba da hira da safe. Sau da yawa na ɗauko gwangwanin sukari na riƙe shi a kan kofin. Amma sai maganar likitan nan ta dawo mini, sai in ce hannuna ya riga ya yi ɓarnar shekara talatin, ba zai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Akwai tsoro a ciki. Akwai kuma fushi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ji zafin yadda ya ɗauki dariyarsa ya kai wani gida ya bar ni da kofi mai sanyi. Na ce tunda can ya zaɓa, ya je. Haka muka yi wata bakwai, ina dafa abin da na san ba zai sha ba, yana fita zuwa inda ya san na sani, ba mai ce wa wani komai.

Ƙafar ta fara ne da ɗan ƙaramin abu. Sabon takalmi ya sa zuwa Juma'a ya goge masa ɗan yatsa, bai ma ji ba, don ƙafar ta riga ta daina jin zafi. Ni na gani ranar Lahadi yana alwala. Muka yi ta wanki da magani, ciwon ya ƙi rufewa, ya fara wari. Aka kwantar da shi. Aka cire yatsu biyu, bayan kwana goma aka ce sai an ƙara yanke ƙafar daga sama. Sauran kun sani, kuna nan. Abba ka ɗauki hutu ka zo, Sadiya kina zuwa daga Zariya da goyo. Na bar makaranta na tare a asibitin, sai da safe in je gida in yi wanka in dafo abin da aka yarda ya ci. Likitoci suna shiga suna fita, in na tambaya su ce ana ƙoƙari, Hajiya, a ci gaba da addu'a. Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin za a sallame mu. Har na sa kafinta ya auna matakalar baranda don a yi masa gangare na keken guragu.

Ranar Laraba da la'asar na zuba masa shayi daga filas, irin wanda ba sukari, na ɗago kansa. Ya ɗan taɓa da leɓe ya kawar da fuska. Muryarsa ta riga ta shige ciki, sai na sunkuya sannan nake ji.

"Habiba, ki yi mini irin na da."

"In ka warke, Alhaji."

"Ko rabin kofi. Da kumfarsa."

"Ka yi haƙuri. So nake mu koma gida tare."

Ya rufe ido. Abba, kana tsaye a bakin taga ka ba mu baya. Ban manta ba, don na ɗaga kai na dube ka ina neman ka taya ni lallashinsa, ba ka juyo ba. Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Ranar addu'ar uku falon nan cike yake da mata, 'yan'uwa da maƙwabta da malaman makarantarmu. Wata daga cikin dangi ta ce ciwon suga ya yi yawa a zamanin nan, Allah ya kyauta. Sai Yaya ta gyara zama ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma yadda kowa zai ji.

"Ina zai ƙi yawa? Shekara talatin ana ɗura wa mutum madara da sukari kowace safiya. Ai ko dutse ne ya narke."

Sadiya, kina gefena, na ji kin janye hannunki daga kan gwiwata. Abba yana bakin ƙofa ya shigo da katan ɗin ruwa. Na buɗe baki. Maganar tana kan harshena, da kofin silba da gwangwanin da cokalin da ke tsaye a ciki. Sai na tuna motar nan a ƙarƙashin dalbejiya. Kwanansa uku a ƙasa. Na rufe bakina na ja mayafi. Na san yadda shirun nan ya yi kama a idon mutane, ya yi kama da na wadda ba ta da abin cewa.

Ba ku taɓa zagina ba, wannan na shaida. Abin da kuka yi ya fi zagi daɗewa. Bayan arba'in, Sadiya, kin same ni a kicin kina wasa da bakin gyalenki.

"Umma, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Bayan likita ya hana, kin ci gaba da sa masa ne?"

"Ban sa ba."

"To me ya sa sugan bai taɓa sauka ba?"

Na ce miki Allah ne ya sani. Kika ce to, kika fita, kuma daga yadda kika ce to ɗin na san abin da kika tafi da shi. Kai kuma Abba, Sallar farko da ka kawo yaranka, na tashi da safe zan haɗa musu karin kumallo, ka biyo ni ka tsaya a ƙofar kicin ka ce, "Umma, ban da shayin nan." Matarka ta fito da nasu abin sha daga jaka, a gidana. Tun daga ranar ban sake kaɗa madara ba. Ruwan bunu nake sha, shi ma ba kullum ba. Kowace Sallah kuma ina kallon ku kuna shirya mota ku tafi Unguwar Kanawa da turamen atamfa, ku dawo kuna cewa Gwaggo ta yi kuka da ta tuna Baba. Ni na ɗaure muku atamfofin a leda.

Da daminar bara 'yar Yaya ta kira ni ta ce jikin mahaifiyarta ya yi tsanani, kuma tana nemana. Na je bayan azahar. Ta ƙanƙance a kan gado har na kusa kasa gane ta. Ta sa 'yar ta fita ta ja ƙofa.

"Habiba, na yi miki ba daidai ba ranar ukun nan."

"Kin yi, Yaya."

"Tsoro na ji. Na ga in ban riga faɗa ba, ni za a nuna. Ki yafe mini."

"Ki kira Abba da Sadiya ki faɗa musu abin da kika faɗa mini."

Ta juya kai wajen bango.

"Yaran nan suna ganin girmana. Ki bar ni in tafi da shi."

"Ni ma sun taɓa ganin nawa."

Can sai ta lalubo hannuna. Ina jin so take ta ba ni wani abu da zai sanyaya mini rai, tunda ta hana ni wanda na nema.

"Har ƙarshe ke ƙanena yake ambato. Ranar Talatar makon da ya rasu Abba ya zo nan ya same ni, ya ce likita ya ja shi gefe ya ce ƙodar ta gama, kwanaki ne kawai suka rage. Ya ce sun yi shawara da Sadiya ba za a faɗa miki ba, kada jininki ya hau. Shi ne ranar Alhamis da safe, da kika tafi gida wanka, na kai masa shayi mai sukari a filas. Abba ne ma ya riƙe masa kofin. Ya kurɓa sau biyu ya ce, Yaya na gode, amma ba kamar na Habiba ba."

Ta faɗi haka tana murmushi, tana jiran in ji daɗi. Na zare hannuna a hankali. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban ce na yafe ba, ita ma ta ji ban ce ba. Bayan kwana tara ta rasu. Na je na zauna kwana ukun, na karɓi gaisuwa tare da 'ya'yanta, ban ce wa kowa komai ba.

Alkawarin da na yi wa babanku don kada a ci mutuncin yayarsa ne tana raye. Na riƙe shi har ta koma ga Ubangijinta da mutuncinta cikakke, yanzu ba wanda za a je a tsaya a kansa. In na yi kuskure da na buɗe shi, tsakanina da Allah ne. Ba na so ku daina yi mata addu'a. Ta so shi, da irin son da ta iya, kamar yadda ni ma na so shi da irin nawa, kuma duka biyun sun cutar da shi.

Amma ku biyun, akwai abin da har yau ban iya haɗiyewa ba, kuma ba maganar ranar uku ba ce. Na san tausayina kuka ji. Na san kun ɗauka kuna kare ni ne. Sai dai tun ranar Talata kuka sani, ranar Laraba ya roƙe ni, Abba kana tsaye a bakin taga kana ji, na hana shi. Kalma ɗaya za ka faɗa mini a barandar asibitin, da na tari keke na je gida na dawo kafin magariba. Kun ga Gwaggonku za ta iya ɗaukar labarin, ni da na yi shekara talatin da ɗaya a ɗakinsa ba zan iya ba. Kowa a ɗakin asibitin nan bankwana yake yi da shi, ni kaɗai kuka bari ina jinya.